Hasashen ruwan Jidda: lissafi ne ko canki-canka?

Ɗalibin Jidda: Assalamu alaikum. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da Nuwamba ta kama sai a cika wayoyin jama'a da taswirar ruwan kwana goma masu zuwa, har da unguwa da sa'a. Alhali samfuran duniya, wato manhajojin kwamfuta masu hasashen yanayi, gida-gida suke yanka sama kamar raga: na Turai, ECMWF, gidansa kusan kilomita 9, GFS na Amurka kusan 13. Samfuri kuwa ba ya ganin abu da kyau sai faɗinsa ya kai gida shida ko bakwai, shi kuma hadari mai tsawa sau da yawa bai wuce kilomita goma ba. Ran 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin awa shida. Wa zai sa irin wannan a kan unguwa tun saura kwana goma? Canki-canka ne, a daina yaɗawa.

Injiniyan Makka: Wa alaikumus salam. Ƙanena, janye kalmar nan. Canki-canka zaɓi ne ba dalili. Samfurin Turai dokokin motsi da na zafi da na laima yake warwarewa a kowane gida, hawa 137 daga ƙasa har kusan kilomita 80 a sama. Ba shi bayanan farawa iri ɗaya a kwamfuta ɗaya, amsa ɗaya zai ba ka ko sau nawa ne.

Malamar Madina: Yaya, amsa ɗaya ai ba ita ce amsa daidai ba. Inda gida ya fi hadari girma ba a lissafa hadarin, kiyasi ake yi: a dubi zafi da laimar ginshiƙin iska, a ƙaddara yawan iskar da za ta hau da ruwan da za ta zubar. Sannan a jerin gwajin Turawa sau 51 ake gudanar da samfurin, 50 daga ciki an ɗan girgiza su da gangan, har da lambobin da ake zaɓa bisa sa'a a cikin kiyasin. To me za mu kira wannan?

Injiniyan Makka: Awon rashin tabbas. In 35 cikin 50 sun kawo ruwa, kashi 70 ke nan. Mai canki bai san yawan kuskurensa ba, Malama.

Baffan Riyad: Yara, tun farko da kuskure aka soma sana'ar nan. Masanin Ingila Richardson ya buga hasashen yanayin da ya lissafa da hannu a 1922, ya sami matsin iska zai canja da hektofaskal 145 cikin awa shida, abin da ba ya faruwa. Takun lokacinsa, wato tazarar lokacin da lissafi ke tsallakawa kowane zagaye, shi ne ya yi tsawo. Sai 1928 Courant da Friedrichs da Lewy suka kafa ƙa'idar cewa kada abu ya tsallake gida fiye da ɗaya a taku guda.

Malamar Madina: Baffa, Allah ya ƙara girma, amma ba takun ne ya kada shi ba. Lambar daga lissafin farko ta fito, kafin maimaita taku ya tara ɓarna. Iska da matsin da ya fara da su ne ba su daidaita da juna ba, sai igiyoyin iska masu sauri suka danne canjin gaskiya. Shi ya sa yau ake tace bayanan farawa.

Baffan Riyad: 'Yata, haka aka koya mana.

Injiniyan Makka: Ƙa'idar ma Turawa sun kewaye ta. Sauti na gudun mita 340 a daƙiƙa, zai ƙetare kilomita 9 cikin daƙiƙa 26, amma takunsu daƙiƙa 450 ne. Baya suke bin iska su gano inda ta taso, igiyoyi masu sauri kuma a warware su a dunƙule. Ba wanda ya kama ƙafarsu.

Muhandisin Ta'if: Ya akhi, ka faɗi rabi ka bar rabi. Bin iska baya ba ya riƙe jimillar nauyin iska daidai, sai an yi gyara daga baya. A FV3, tsarin lissafin da GFS ya koma kai a 2019, abin da ya fita daga gida shi ke shiga maƙwabcinsa, ba ya ɓata. Kuma zana siffar ƙasa da igiyoyin lissafi, yadda na Turai ke yi, yana haifar da tudu da kwari na ƙarya a gefen dutse mai miƙewa. Mu nan mun haura mita 1,800, ku kuna can ƙasa, gangaren duwatsun Sarawat ba wasa ba ne.

Injiniyan Makka: Duk wanda ya saba da kayan Amurka haka yake cewa. Kawo hujja.

Muhandisin Ta'if: Kai ka kawo taka tukuna.

Ɗalibin Jidda: Jama'a, kan yaɗa taswira na yi magana. A WRF, samfurin da ake gudanarwa kan yanki guda, taku a daƙiƙa kusan ninki shida ne na gida a kilomita: gidan kilomita 3, daƙiƙa 18, kuma nan ake kashe kiyasin hadari. Raba gida biyu na ninka aiki kusan sau takwas. Wannan ake buƙata a Jidda, na kwana ɗaya ko biyu, tare da na'urar rada mai hango ruwan sama.

Malamar Madina: To ka janye canki-canka ko kana nan?

Shugaban zaure: Dare ya yi, ga abin da aka cimma. An yarda canki-canka ba ta dace ba, kamar yadda Injiniya ya bayyana da hujja. An tabbatar samfurin Turai ne a gaba. Batun nauyin iska ƙaramin abu ne. Ɗalibi ya riƙa tauna kalma kafin ya furta.

Muhandisin Ta'if: Ranka ya daɗe, wa ya yarda? Ba a ma taɓa maganar gangaren Sarawat ba.