Gada Ta Wadatar? Muhawara Kan Tsallake Titin Ikorodu

Alhaji, dillalin albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Maganar da na yi jiya bayan sallar isha'i ita nake maimaitawa, domin na ji wasu ba su gamsu ba. Gwamnatin Legas ta gina gadojin tsallake a Ojota da Ketu da Mile 12, ta kuma kafa shingen waya a tsakiyar titin Ikorodu, saboda haka duk wanda ya bar gada ya ratsa titi har mota ta buge shi, shi ya jawo wa kansa. Abin da ya rage shi ne tarbiyya, da hukunci ga masu taurin kai.

Malam, malamin makaranta a Agege:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ban musa ba cewa akwai samarin da ke tsallake shinge saboda ƙyuya kawai, kuma ba zan kare su ba. Sai dai gada mai matakala an yi ta ne domin mai lafiyar ƙafa wanda babu kaya a kansa, alhali yawancin mutanenmu da ke wannan yanki da kaya suke yini.

Hajiya, mai sayar da abinci a Ketu:
Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kullum da sassafe wani yaro mai baro ne yake kawo mini cefane daga kasuwa, buhun tattasai guda da kwandon tumatir biyu, ya ɗaure su da igiyar roba. Alhaji, ta wace matakala wannan baro zai hau? Dole yake bin gefen titi, tsakanin kwata marar murfi da ƙananan motocin bas na haya, wato danfo, da ke yanko kai ba sigina domin ɗaukar fasinja. A damina da ta wuce, a gaban idona wani direba ya goge shi da madubi, baron ya kife, tumatir ya watse a kwalta, shi kuma ya zauna a bakin kwata yana riƙe da gwiwa, jini yana bin ƙaurinsa, yana ba ni haƙuri a kan kayana. Yaron nan bai tsallake shingen kowa ba. Ga kuma mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ya sa sai ta huta sau uku kafin ta kai saman gada, kuma idan dare ya yi ba na barin 'ya'yana mata su hau gadar da babu fitila, saboda masu ƙwacen waya.

Matashi mai kai saƙo a keke:
Baba Alhaji, ka yi mini afuwa in sa baki. Tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi 6 a watan Yuni na 2022, sannan a watan Satumba aka ƙara da 4, ciki har da Kosofe inda Ojota da Ketu suke, da yawa daga cikinmu mun koma keke domin neman halak. Gada ba ta amfane mu da komai ba, tunda mu tsawon titin muke bi, ba tsallaka shi muke yi ba. A shekarar 2008 an ware wa manyan motocin bas na BRT layinsu daga Mile 12 zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas, aka raba shi da sauran titi da dakalin kankare, kuma kowa ya ga amfaninsa. Ɗan siririn layi irin wannan a titin gefe shi muke roƙo.

Alhaji:
Allah ya ba yaron lafiya, Hajiya. Amma ku faɗi gaskiya, wa ya mamaye dandamalin da aka yi domin masu tafiya a ƙasa? Mu ne 'yan kasuwa, da teburanmu da lemominmu, har kan gadar ma an baza haja. Idan aka yi wa keke layi yau, gobe mai gwanjo zai shimfiɗa buhu a kai. Kuma babban titi kamar wannan, idan aka cika shi da tudun rage gudu, cunkoson da zai haɗu sai ya kai Maryland, tumatirin da aka ɗauko daga Kano ya ruɓe a cikin tirela.

Malam:
Wannan shaida da ka bayar a kan 'yan kasuwa na karɓe ta, kuma ba kowa ne zai faɗe ta a kan kansa ba. Amma babu wanda ya ce a taɓa layukan tsakiya. Titin Ikorodu kashi biyu ne: na tsakiya inda motoci ke wucewa da gudu, da na gefe inda ake sauke fasinja, ake ciniki, yara suke tafiya makaranta. A na gefen ne ake buƙatar rage gudu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa fiye da sau 4 idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa, shi ya sa take ba da shawarar kilomita 30 a duk inda mutane da motoci suke cuɗanya. A rufe kwatoci, a keɓe wa danfo wurin tsayawa na dindindin, a sa fitila a kan gadoji, a yi musu gangara wadda baro da keken guragu za su iya hawa. Idan an yi wannan, sai a kama wanda ya tsallake shinge, ni ma zan goyi baya.

Alhaji:
Batun gangara da fitila na yarda da shi, amma layin keke har yanzu ban ga yadda zai tsira daga masu talla ba. Malam, ranar Asabar ka zo Mile 12 bayan sallar asuba, lokacin da ake sauke kaya, kai da wannan yaro mai keke, mu taka da ƙafa har Ketu, ku nuna mini inda za a sa shi.