Tambaya kan jirgin da ya ƙone a filin jirgin Khartum a 2008

Ɗan Ishash:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya muke musu da ƙanina kan jirgin Sudan Airways da ya ƙone a Khartum daren 10 ga Yuni, 2008. Ni na shaida habub ɗin ranar, ƙura ta rufe gari sannan ruwa ya biyo, daga baya muka kwana gaban talabijin muna kallon wutar. Shi ya ce tsawa ce ta faɗa wa jirgin. Ni ban yarda ba. Don Allah wanda ya san ainihin abin ya warware mana, don Inna ta ji zancen, yanzu ta ce ita da jirgi sai dai a tafi Umra ba da ita ba.

Bakanike Jidda:
Wa alaikumus salam. Ba tsawa ba ce, ƙanena. Airbus A310 ne, ya taso daga Amman ya biya Dimashƙu. Da yanayi ya ɓaci aka karkatar da shi Port Sudan, ya jira can, sannan ya dawo. Lokacin sauka iska daga bayansa take turo shi, titin kuma a jiƙe, tayoyinsa ba su taɓa ƙasa da wuri ba. Ga na'urar da ke mayar da ƙarfin inji baya don rage gudu, ta inji ɗaya ba ta aiki. Titi ya ƙare jirgi bai tsaya ba, wuta ta kama ta ɓangaren dama. Ruwa kaɗai ba ya hana jirgi sauka, kullum ana yi. Haɗuwar waɗannan ce ta yi ɓarna.

Uwar Biyu, Gadarif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum 214 ne a ciki, 30 suka rasu. Abin da ke taɓa min zuciya, mutanenmu da yawa magani ke kai su Amman. Ka yi jinya, ka warke, ka iso gida, a ƙofa ajali ya same ka. Allah Ya jiƙansu.

Malam na Mai Wurno:
Amin, Hajiya. Ɗana, ka gaya wa Innarka mutum 184 sun fita da ransu daga wannan wutar. Ka zaunar da ita kusa da kai, ka nuna mata ƙofar gaggawa tun kafin a tashi, kuma in wani abu ya faru kada ta tsaya neman jaka.

Ɗan Ishash:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Yaya Bakanike, to wa ke da alhakin gaya wa matuƙi iska ta juya, hasumiya ko na'urorin jirgin?