Atisaye da hutu tsakanin tseren keke biyu

Tambayar ita ce: wanda ke tseren keke don sha'awa, yana fafatawa kowane ƙarshen mako, yaya zai raba kwanakin da ke tsakani?

Kusan kowa ya yarda cewa tseren kansa atisaye ne mai tsanani, don haka fita ɗaya ta gudu da sassautawa ta isa, Talata ko Laraba. Misalin da aka fi kawowa: a ɗumama jiki na minti 15, sannan minti 4 ana taka feda da ƙarfi, minti 4 a sassauta, sau 4 ko 5.

Inda aka fi jan kunne shi ne tuƙin warware gajiya washegarin tsere. Minti 30 zuwa 60 kawai, a giya mai sauƙi, kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, yadda za ka iya hira ba haki. Da yawa suna ɓata shi da bin duk wanda ya wuce su, sai ranar atisaye ta zo ƙafafu sun yi nauyi.

Wasu sun fi son cikakken hutu. Ni dai ina ganin idan bugun zuciyarka na safe ya haura yadda ka saba, ko barci ya ƙi, jingine keken ranar.