Ta yaya zan kunna AVX2 a fankshan ɗaya kacal a GCC?

Bazazzagi_C:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son amfani da AVX2, wato umarnin furosesa masu lissafa lambobi da yawa a lokaci guda. Ina da shiri a C, kuma kusan duk lokacinsa yana ƙarewa ne a fankshan ɗaya mai ninka jerin lambobin `float`. Da na harhaɗa shi da `-mavx2` sai gudunsa ya ƙaru, amma a kwamfuta mai Core i5 na 2011 yana mutuwa nan take da SIGILL, wato alamar cewa furosesa ya ci karo da umarnin da bai sani ba. Fayil ɗaya nake so ya yi aiki a tsoho da sabon inji. Kwamfailan da nake harhaɗawa da shi GCC 12 ne, a kan Linux. Ina mafita?

MaiRijista:
Wa alaikumus salam. Fara cire `-mavx2` ɗin nan. Tutar tana ba kwamfaila izinin zuba sababbin umarni a ko'ina cikin fayil, har cikin `main`, tun kafin ka tambayi furosesa me yake iyawa. AVX2 ya zo ne da furosesoshin Intel na zamanin Haswell a 2013. Naka na 2011 Sandy Bridge ne, AVX kawai ya sani.

Rubuta fankshan ɗin sau biyu. Na farko bar shi yadda yake, zai tsaya kan SSE2 da kowane x86-64 ke da shi. Na biyu sa masa `__attribute__((target("avx2,fma")))` a gaba. Daga nan, sau ɗaya a farkon shiri, ka duba `__builtin_cpu_supports("avx2")` da `__builtin_cpu_supports("fma")`, ka ajiye wanda ya dace a manunin fankshan. Kada ka yi binciken a cikin madauki. Ka lura FMA (umarnin ninkawa da tarawa a mataki ɗaya) daban take, rubuta "avx2" kaɗai ba ya kunna ta. Tun GCC 4.9 ana iya amfani da abin da ke `immintrin.h` a irin wannan fankshan ba tare da tuta ba.

Yar_Katsina_Dev:
Malam MaiRijista ya faɗi daidai, sai dai akwai ramuka. Ƙananan fankshan da babban ke kira ba sa gadon `target`. Idan ka kira `_mm256_mul_ps` a cikin mataimakin da bai da alamar, GCC zai tsaya da kuskuren `target specific option mismatch`, domin ba ya yarda a shigar da umarnin AVX cikin fankshan mara izini. Sa wa kowane mataimaki alama iri ɗaya, ko ka kewaye su duka da `#pragma GCC push_options`, `#pragma GCC target("avx2,fma")`, sannan `#pragma GCC pop_options`.

Wanda ya fi damuna shi ne miƙa `__m256` tsakanin mai alama da mara alama. Ɗaya yana sa ran ƙimar a rijistar YMM (rijistar AVX mai bit 256), ɗaya yana ajiye ta a ƙwaƙwalwa, sai ka samu lambobin banza ba tare da shirin ya faɗi ba. A kan iyaka, manuni da tsawon jeri kawai za ka miƙa.

Kuma sakamakon biyun zai iya bambanta a bit na ƙarshe, saboda FMA sau ɗaya take zagaye lamba maimakon sau biyu. Idan gwajinka na buƙatar su zo daidai wa daida, sa `-ffp-contract=off`.

Bazazzagi_C:
Na gode ƙwarai. Ba yadda za a yi in guje wa rubuta shi sau biyu?

MaiRijista:
Akwai, in dai madaukinka C ne zalla. Tun GCC 6, `__attribute__((target_clones("avx2","default")))` yana sa kwamfaila ya fitar da kwafi biyu da mai zaɓa tsakaninsu. Da `ifunc` (hanyar zaɓar fankshan lokacin loda shiri) yake aiki, don haka laburaren C na glibc yake buƙata. A Alpine Linux, inda laburaren musl ke aiki a madadin glibc, ba zai yiwu ba, sai ka koma manunin fankshan. Harhaɗa da `-O3`, domin a `-O2` GCC 12 madaukai masu sauƙi sosai kawai yake mayarwa vekta. Sa `restrict` a manunan jerinka, sannan ka tabbatar da `-fopt-info-vec` ko ka nemi `ymm` a abin da `objdump -d` ya fitar. In babu `ymm` a kwafin AVX2, alamar ba ta tsinana maka komai ba tukuna.