“Abantaj” da Hausa, me za mu kira shi?

Salama alaikum ƴan uwa na Damagaram. Kalmar nan ta Faransanci abantaj, wato abin da ma'aikaci ke samu bayan albashi, ta cika bakin matasanmu, in an ce ONG kaza ko kamfani kaza na ɗaukar ma'aikata, kafin a tambayi albashi sai ka ji akwai abantaj? Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 maganar ta ƙara yawa a garin nan, amma har yau ba mu da kalma guda tamu da za a faɗa a rediyo tsohuwa ta gane.

Da farko mu raba abu biyu. Akwai wanda doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, ya yi maka rajista a CNSS (asusun fansho da tallafin ma'aikata na ƙasa), ya ba ka kwanje na shekara, mace ta samu hutun haihuwa sati 14, albashi kuma kada ya gaza jika 42. Wannan sunansa hakki, ba a neman masa wata kalma, kuma ina jin zafi in na ji an lissafa shi cikin abantaj kamar an yi wa mutum alfarma.

Wanda nake nema wa suna shi ne abin da ake ƙarawa don gwani ya zo kuma ya zauna, asuransi na asibiti har da mata da yara, kuɗin haya, isansi na moto, kiredin waya, albashin wata na 13, a tura ka ƙaro ilimi Yamai, wasu har rancen ragon layya ake ba su a cire kaɗan kaɗan.

Wani yayana a Birni ya ce alawus, kamar yadda ƴan Najeriya ke cewa. To alawus kuɗi ne kawai, katin asibiti fa? Wata ta ce ihisani ko tukuici, a'a wallahi ban yarda ba, tukuici ɗan aike ake ba, shi kuwa likita ko injiniyan da ake tsoron kada wani waje ya janye shi ba roƙo ya zo yi ba, guminsa ne ya jawo masa. Garaɓasa kuma ta yini ɗaya ce.

Ni dai na tsaya kan gatan aiki. Gata ya ɗauke duka, kuɗi da lafiya da kulawa da mutunci, kuma ya zauna a baki, aikin nan albashi kaɗan ne amma akwai gata. Na san za a ce gata na kama da ɗan lele ko mai uwa a gindin murhu, malam ɗaya ma ya fi son moriyar aiki, ita ma ba laifi, sai dai moriya ta fi karkata ga mai ci, ba ta nuna cewa wani ne ke riƙe ka da kyau don kada ka tafi ba.

Ƴan jarida da masu fassara na Zinder, ku gwada ta a sanarwar ɗaukar aiki mu ji ko ta shiga kunne. Mutanen Mirya da Magarya me kuke cewa a wajenku?