Kulob, Kulki Ko Sanda? Neman Sunan Abin Buga Golf A Wasan Waya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshen Hausa da masu buga golf a waya. Tun da aka fara tattaunawa a kan sunan da ya dace da abin da ake bugun ƙwallon golf da shi, shawarwari sun taru, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a tsayar da magana. Matasanmu da ke buga Golf Clash, wasan golf na waya, a Fagge da Gwale da Tarauni ba su jira mu ba, kullum sai ka ji suna cewa "kulob ɗina ba shi da ƙarfi" ko "jiya na yi masa afgired", kuma idan baki ya riga ya saba da kalma, raba shi da ita aiki ne ja.

Ba na ƙin aron kalma. Mota da kwamfuta da intanet duk aro ne, kuma sun zauna daram. Abin da ya hana ni karɓar kulob shi ne Hausa ta riga ta are ta tun da daɗewa, ta ba ta wani aiki dabam. Idan Bakano ya ce kulob, ƙungiya yake nufi, irin Kano Pillars, ko kuma gidan shaƙatawa na dare. Shi kansa wurin da ake buga golf na gaske a nan Kano kulob ake kiransa. A cikin wasan wayar ma akwai ƙungiyoyin da 'yan wasa ke shiga domin su tara maki tare. Saboda haka idan yaro ya ce "na canja kulob", mai sauraro ba zai san ko ƙungiya ya bari ko abin bugu ya sauya ba, alhali waɗannan abubuwa biyu suna faruwa a cikin wasa ɗaya, a rana ɗaya.

Wani malami mai daraja a cikinmu ya kawo kulki, ya ce ai asalin kalmar kulob a Turanci itace ne mai kauri da ake duka da shi. Malam, Allah ya ƙara ilimi, maganarka gaskiya ce ta fuskar asali, amma siffar abin ba ta yarda ba. Kulki gajere ne, kakkaura, kuma duk Bahaushen da ya ji sunansa tunaninsa zai tafi ga ɗan doka da fasa kai. Abin buga golf kuwa siriri ne, mafi tsawonsa yakan kai kimanin inci 45, yana da ɗan lanƙwasa idan an kai bugu da shi, kuma nauyinsa yana can ƙasa a kansa. Gora ma an ambace ta, sai dai ita miƙaƙƙiya ce ba ta da kai, kuma ta fi tuna mana makiyayi da garkensa. Kwagiri lanƙwasarsa a sama take, wajen riƙo, watau akasin abin da muke nema.

Shawarar da ta fi jan hankalina ita ce kere, wadda wani ɗan'uwa daga cikin gari ya kawo. Duk wanda ya taɓa riƙe keren maharba a Kasuwar Kurmi ya san yadda yake: ƙota, sannan kai mai nauyi da ya karkace gefe guda. A siffa babu abin da ya fi shi kusa da abin da muke magana a kai, kuma na so a ce shi muka ɗauka. Abu biyu suka hana. Na farko, kere jifa ake yi da shi, barin hannu yake yi ya bi zomo, shi kuwa abin golf yana hannu har bugu ya ƙare. Na biyu, yawancin yaran birni da ke wannan wasa ba su san kere ba, sai mun fassara musu fassarar, kuma kalmar da ke bukatar tafinta ba ta biya bukata ba.

Don haka ni sanda na zaɓa: sandar golf a farkon ambato, sanda kawai idan an riga an san zancen, jam'inta sanduna. Masu cewa ta yi faɗi da yawa su duba yadda Hausa ke amfani da ita. Muna da sandar girma, da sandar rake, da sandar sabulu, kuma masu ƙwallon dawaki a filin sukuwa sanda suke kiran abin bugunsu, babu wanda ya taɓa rikicewa. Faɗin nata ma alheri ne, domin abin ba iri ɗaya ba ne. Dokar golf ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14 a jakarsa, iyakar da hukumar golf ta Amurka ta kafa a 1938, takwararta ta St Andrews a Sikotilan ta bi sahu a 1939. Muna bukatar uwar kalma wadda za ta ɗauki 'ya'ya da yawa, kuma sanda za ta iya. Sassanta kuwa manomi ya riga ya raɗa musu suna: dogon jikin ƙota ne, wajen riƙo mariƙi, abin da ke taɓa ƙwallo kuma kai, fuskarsa fuska.

Inda aikin yake da nauyi shi ne sunayen ire-irensu, domin a nan ne zaɓi yake. A Golf Clash, wanda kamfanin Playdemic na Ingila ya fitar a 2017, kuma Electronic Arts ya saye kamfanin a 2021, ɗan wasa yana cika jakarsa da sanduna iri bakwai, ko wane gurbi da tasa. Ra'ayina shi ne a raɗa wa kowace suna daga aikinta, a bar bin abin da Bature ya kira ta. Ga dalili. Babbar sandar da ake fara rami mai nisa da ita yaranmu suna kiranta direba, kalmar da a Hausa mutum ne mai tuƙa mota. Ni na fi son sandar tashi, domin da ita ake tashi daga mafara, watau wurin bugun farko, kuma ita ce mafi nisan zango. A golf na gaske fuskarta ba ta cika karkata sama da digiri 9 zuwa 12 ba, shi ya sa ƙwallonta ke tafiya nesa maimakon hawa sama. Sanda ta biyu Turawa suna kiranta da sunan itace, saboda a da daga itace ake sassaƙa kanta, amma tun da kamfanin TaylorMade ya fito da mai kan ƙarfe a 1979 itacen ya yi ta ja da baya har ya zama tarihi. Babu dalilin da zai sa mu gaji sunan da ya daina faɗin gaskiya a gidansu. Sandar zango ta fi dacewa da ita, tun da aikinta cinye dogon zangon da ya rage bayan bugun tashi.

Ta uku da ta huɗu kuwa, dogon ƙarfe da gajeren ƙarfe, na bar su yadda suke, domin har yau ƙarfen ne, kuma bakin yaranmu ya riga ya kama su ba tare da wahala ba.

Sauran ukun su ne na kusa da na ceto. Wadda ake ɗaga ƙwallo sama da ita daga kusa, ya faɗo ya tsaya gab da tutar da ke nuna rami, na kira ta sandar cilli. Wadda ake fito da ƙwallo daga ramin yashi ita ce sandar yashi, kuma ga mai son ya san dalilin da ta zama dabam, a golf na gaske fuskarta tana kwanciya da kusan digiri 56, gindinta kuma mai faɗi ne domin ya zame a kan yashi maimakon ya nutse. Ana jingina shahararta ga ɗan wasan Amurka Gene Sarazen, wanda ya ci babbar gasar Birtaniya da ita a 1932. Wadda ake shiga doguwar ciyawa da ita, sandar ciyawa. Akwai ta takwas, wadda ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami, kuma tun da mun saba cewa an zura ƙwallo a raga, sandar zurawa ta isa. A wannan wasa ba a zaɓenta kuma ba a ƙara mata komai, kowa da irin ta kowa yake wasa.

Yanzu sai afgired, watau ƙara wa sanda ƙarfi a cikin wasan, kalmar da ta fi kulob yi mini ciwo a kunne. Wasu sun ce sabuntawa, amma wannan mun riga mun ba ta aikin sauko da sabon zubin manhaja, kuma sandar da aka yi wa wannan aiki ba sabuwa ta koma ba, ita ce dai ta jiya. Gyara yana nuna akwai abin da ya lalace. Ƙarin girma na ma'aikaci ne da soja. Wani ya kawo wasawa, kamar yadda ake wasa wuƙa, kuma ma'anar ta yi kyau ƙwarai, sai dai a rubuce za ta ci karo da wasa, a ce "na wasa sanda a wasa", mai karatu ya tsaya yana lalube. Abin da ya rage mai tsabta shi ne inganta, tare da mataki. A ce, "Na inganta sandar zangona zuwa mataki na biyar." Jimlar ta fito da Hausarta, kuma ta faɗi ainihin abin da ya faru.

Na ce ta faɗi ainihin abin da ya faru ne saboda yadda tsarin yake. Ɗan wasa yana samun katunan sanda daga akwatunan da yake ci, idan katunan wata sanda suka cika adadin da ake bukata sai ya biya sulalla, ta hau mataki na gaba, wasu daga cikin halayenta su ƙaru. Halayen nan shida ne, kuma su ma suna bukatar suna. Na farko ana ta kiransa ƙarfi, ni kuwa nisa nake ba da shawara, domin lambar da ke gabansa tana nuna iyakar inda sandar za ta kai ƙwallo ne. Na biyu saiti, watau yadda ƙwallo zai ƙi kaucewa da yawa idan ba ka saki bugu daidai lokacin da allurar da ke kai da kawowa a fuskar waya ta zo tsakiya ba. Sai juyin gaba, mai sa ƙwallo ya ci gaba da gudu bayan ya sauka, da juyin baya, mai taka masa birki. Sai lanƙwasa, wadda ake zagaye bishiya ko kwana da ita. Na ƙarshe layin jagora, zanen nan da ke nuna maka inda ƙwallo zai yi tsalle ya gangara tun kafin ka buga.

Amfanin waɗannan sunaye yana fitowa ne idan babba ya zauna zai koya wa ƙarami. Na ga wani matashi a bakin shagon cajin waya a Kabuga yana nuna wa ƙaninsa wasan, wayar tana hannun ƙaramin, babban yana ta maimaita kalmomin Turanci, yaron yana gyaɗa kai ba tare da ya gane ba, har ya zuba duk sulallansa a kan sandar tashi saboda an ce masa ita ce mai ƙarfi. Da aka zo bugun raba gardama, inda kowa ke bugu ɗaya tak a ga wanda ƙwallonsa ya fi kusa da tuta, sandar da ya kashe wa dukiya ba ta ko fito daga jaka ba. Da an ce masa nisa dabam, saiti dabam, da ya fahimci cewa sandar tashi irin Extra Mile tana kai ƙwallo nesa amma a matakanta na farko saitinta kaɗan ne, ita kuwa sandar zango irin Sniper ba ta kai wasu nisa ba, amma saitinta da dogon layin jagoranta su ne ke cin raba gardama. Da ya kuma fahimci cewa sulallan da ake inganta sanda da su, su ne dai ake biyan kuɗin shiga kowace karawa da su, kuma farashin ingantawa yana hawa daga mataki zuwa mataki, don haka wanda ya inganta duk sandar da katinta ya cika zai wayi gari da jaka mai kyau ba shi da abin shiga fili. Ni a ganina sandar da kake ɗauka a jaka ita kaɗai ta cancanci sulallanka, sauran su jira.

Akwai ma wani abu da kalmar inganta ke taimakawa a faɗa a sarari, wanda sababbin 'yan wasa ba su cika lura da shi ba. Masu gwaninta suna auna iska ne da zobban nan masu launi da ke kewaye da wurin saukar ƙwallo, su matsar da saitinsu zobe kaza gwargwadon ƙarfin iskar. Lissafin zobban ya dogara da saitin sandar, saboda haka duk ranar da ka inganta ta har saitinta ya ƙaru, lissafin da hannunka ya saba da shi ya canja, sai ka sake koyonsa. Sanda ta inganta, amma mai ita yana iya yin kwana biyu yana kuskure kafin ya sake kama hannu, kuma ya kamata a gaya wa yaro haka kafin ya danna, musamman idan yana tsakiyar gasa.

Abu ɗaya ne ban gamsu da nawa zaɓin a kansa ba, shi ne darajojin sanduna da wasan ya kasa su, daga wadda katinta ke fitowa kullum zuwa wadda sai an daɗe ba a gan shi ba. Ta farko gama-gari ta dace da ita, ta biyu na ce mai wuya, ta ukun kuma ina tsakanin gagara-badau da ta musamman. Gagara-badau tana da armashi amma kirari ce, kuma ba kowace sanda mai wannan daraja ce ta fi gama-garin da aka inganta sosai ba, ta musamman kuwa ba ta da gishiri. Malamanmu na sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da ke bibiyar wannan tattaunawa, da ku matasa da wayar ke hannunku kullum, ina roƙon ku kawo abin da kuke gani a kan wannan daraja ta uku, ku kuma gwada sandar tashi da sandar zango da inganta a bakinku idan kuna wasa, ku dawo ku gaya mana wadda ta zauna da wadda ta ƙi.