Wane suna za mu ba hasken da ke ƙirga ƙwayoyin jini?

1. Ina aiki a wani ɗakin gwajin jini a cikin birnin Kano. Shekaranjiya wani dattijo ya kawo jikarsa, na ce masa, "Baba, na'urarmu da leza take aiki." Nan take ya janye hannun yarinyar ya ce, "Ɗana, reza za ku sa mata?" Sai da na daɗe ina lallashinsa. Laifin ba nasa ba ne, kalmar leza ce, wato laser ta Turanci, sunan hasken da na'urar ke aiki da shi, ba ta shiga kunnen Bahaushe daidai.

2. Ga abin da na'urar ke yi. Tana zuƙar ɗigon jini, ta tsarma shi da ruwan magani, ta tura ƙwayoyin ta wata siririyar hanya ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki a ƙofar garke. A bakin hanyar akwai wani jan haske siriri da ke tsaye cak. Duk ƙwayar da ta gitta shi sai hasken ya watsu. Wanda ya watsu gaba yana nuna girman ƙwayar, wanda ya fantsama gefe kuma yana nuna abin da ke cikinta, ko tana da tsaba-tsaba ko sumul take. Da haka ake rarrabe fararen ƙwayoyin jini gida biyar. Ƙananan na'urorin da ke ƙirga da wutar lantarki kawai, bisa dabarar wani injiniyan Amurka, Wallace Coulter, gida uku suke iya rabawa.

Hasken kuwa wani masanin kimiyya, Theodore Maiman, ne ya fara kunna irinsa a Amurka a 1960. Ba sabon abu ba ne, mu ne ba mu raɗa masa suna ba.

3. Abokiyar aikina ta ce a kira shi "haske mai kaifi". Na ce mata, Yaya, kaifin nan shi ne ya tsorata Baba. Wani ya kawo "zaren haske", yana da daɗin faɗa, amma gara a bar wa wayar intanet ta gilashi, ita ce zare. "Kibiyar haske" kuma tana nuna harbi, alhali hasken nan ba ya zuwa ko'ina, ƙwayoyin ne ke zuwa su same shi.

4. Ni na tsaya a kan "tsinken haske". Tsinke siriri ne, miƙaƙƙe, ba ya bazuwa kamar hasken tocila, kuma wannan ita ce ainihin siffar da ta raba shi da sauran haske. Na san wani zai ce tsinke ma yana suka. Gaskiya ne, amma sakace da shi ake yi kullum, babu mai gudunsa. Aikin gaba ɗaya sai mu ce "tantance ƙwayoyin jini da tsinken haske".

5. Malamanmu na Hausa a Jami'ar Bayero, da 'yan'uwa ma'aikatan gwaji na Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, don Allah ku duba mana. Yau na gwada kalmar ga wata baiwar Allah mai juna biyu, ta gyaɗa kai ta miƙo hannu.